Yankari: Yadda Dajin En'en Bauchi Ya Zama Mafakar Giwayen Nijeriya

Gandun dajin Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi, tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya kudu maso gabashin birnin Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma a cikinsa ne garken giwaye mafi girma da ya rage a Nijeriya yake kiwo. Tun daga kafuwarsa zuwa yau dajin ya sha sauya hannu. En'e ta riƙe shi, gwamnatin Jihar Arewa ta riƙe, Jihar Arewa maso Gabas ta gada, jihar Bauchi ta karɓa, gwamnatin tarayya ta ɗauka, sannan aka sake mayar wa Bauchi. Wanda ya bi tarihin nan daki-daki zai ga cewa sauyin suna da sauyin hukuma ba su ne suka raya Yankari ba. Duk lokacin da aka kula da masu gadin dajin da mutanen da ke maƙwabtaka da shi, namun daji sun yi yawa. Duk lokacin da aka yi sakaci da su, dajin ya rame.

Kafin a shata iyaka

Lokacin da aka fara maganar keɓe wurin, Yankari daji ne da kusan ba kowa a cikinsa. Ƙudan tsando ya yi yawa a bakin kogin Gaji, shi kuwa yana sa wa shanu sammore, don haka makiyaya ba sa son daɗewa a wurin. Wannan ya bar wa namun daji fili suka yi ta hayayyafa, sai dai maharba da masu neman zuma da ke shiga su fita.

Amma dajin ya taɓa zama gari. A Shau Shau har yanzu akwai matoyar tama kusan 60 a tsaye, shaidar cewa maƙera sun daɗe suna narka ƙarfe a nan. A Dukkey akwai rijiyoyi fiye da 130 da aka haƙa cikin dutse, an huda su ta ƙarƙashi yadda ruwan wannan zai ratsa zuwa waccan. Akwai kuma koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira Kogunan Marshall da sunan mai binciken da ya bayyana su ga duniya a 1980. Ana kyautata zaton mutane sun ɓuya a cikinsu zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi. A Tunga Dutse kuma akwai zane-zane a jikin wani falalen dutse. Mutanen da suka yi waɗannan ayyuka sun watse tun da daɗewa, daji ya rufe kufansu.

Shawarar minista da amincewar En'e

Tunanin kafa gandun namun daji a Arewa ya yi ƙarfi ne a shekarun 1950, lokacin da 'yan ƙasa suka fara riƙe ma'aikatu a Kaduna. Alhaji Muhammadu Ngileruma, mutumin Borno, wanda ya riƙe ma'aikatar da ke kula da albarkatun ƙasa, ya ziyarci wani gandun namun daji a Sudan, abin da ya gani kuwa ya burge shi. Da ya dawo sai ya ba da ƙarfi ga shawarar a yi irinsa a gida. A lokacin bindiga ta yawaita a hannun maharba, gonaki suna ta cin daji, manyan dabbobi kuma sun fara ƙaranci a wuraren da dattawa suka san su da yawa.

Aka duba dazuzzukan Arewa, aka tsaya kan Yankari saboda dalilai bayyanannu. Akwai namun daji da yawa, akwai kogin da ba ya ƙafewa, sannan ba sai an tashi manyan garuruwa ba kafin a keɓe shi. A 1956 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ta amince da shirin. A 1957 aka shata iyaka, aka yi wa wurin rajista a matsayin gandun dajin En'en Bauchi, zamanin Sarkin Bauchi Adamu Jumba.

Wannan rajista tana da muhimmanci. A tsarin mulki na wancan lokaci, dokar da ta fito ta hannun En'e tana bi ta kan hakimi ta sauka kan dagaci da mai unguwa. Maharbin da ya karya ta ya san ba baƙo ne zai kama shi ba, wanda ya san gidansu ne. Da haka dokar hana farauta ta zauna a ƙasashen Duguri da Pali da Gwana, waɗanda ke kewaye da dajin.

Shekaru biyar aka ɗauka ana shiri. Aka sare hanyoyin mota cikin daji, aka gina masauki kusa da maɓuɓɓugar Wikki, aka ɗauki masu gadi. Ranar 1 ga Disamba, 1962 aka buɗe Yankari ga jama'a, ya zama gandun namun daji na farko irinsa a Nijeriya. Shekara guda bayan haka, a 1963, gwamnatin Arewa ta yi dokar kare namun daji, wadda ta fayyace dabbobin da aka haramta kashewa da waɗanda sai da lasisi.

Gaji da Wikki

Ba a fahimtar Yankari sai an fahimci ruwansa. Kogin Gaji ya ratsa dajin ya raba shi biyu. Da damina, daga Mayu zuwa Satumba, ruwa yana ko'ina, gamba ta fi mutum tsawo, dabbobi sun bazu, mai ziyara yana iya wuni a mota bai ga komai ba sai birai. Da rani kuwa tafkuna sun ƙafe, ciyawa ta bushe, sai kowace dabba ta gangaro fadamar Gaji. A nan ne, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ake ganin giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo suna zuwa shan ruwa, dorina da kada suna cikin gulbi. Masu nazarin tsuntsaye sun lissafa iri fiye da 350 a dajin.

Daga babbar ƙofa da ke ƙauyen Mainamaji zuwa sansanin Wikki tafiyar kilomita 40 da 'yan kai ce. A ƙasan sansanin, in an sauka matakala, ruwan Wikki yana ɓuɓɓugowa daga gindin wani dutse. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, hunturu da bazara, kuma yana fitar da lita miliyan 21 a kullum yana zubawa cikin Gaji. Ruwan garau yake, har ana hango farin yashin ƙasansa. Da sanyin asubar hunturu tururi yake tashi a kansa. Akwai wasu maɓuɓɓugan ɗumi a Dimmil da Gwan da Nawulgo, da mai sanyi guda a Tungan Maliki, amma Wikki ce ta yi suna.

A cikin sansanin kansa gadu yana kiwo tsakanin ɗakuna kamar akuyar gida. Gwaggon biri kuwa ya san ƙarar leda, ya san yadda ake tura ƙofar da ba a kulle ba, shi ya sa kashedin farko da ma'aikata ke yi wa baƙo shi ne ya rufe taga ya ɓoye abincinsa. Akwai ɗan gidan tarihi a wurin, inda aka ajiye fatu da ƙasusuwa da haure, da tarkuna da bindigogin da aka ƙwace daga hannun mafarauta. Wanda ya tsaya gaban tarkunan nan na ƙarfe zai gane aikin da ke gaban mai gadin daji.

Daga jiha zuwa tarayya

Da aka rarraba Jihar Arewa a 1967, Yankari ya faɗa hannun Jihar Arewa maso Gabas, a 1976 kuma ya koma hannun sabuwar jihar Bauchi. Shekarun 1970 lokacin kuɗin mai ne, baƙi na gida da na waje suna ta zuwa. Shekarun 1980 suka zo da wahala. Annobar bushiya da ta ƙarar da shanu a Arewa wajen 1983 ta shiga dajin ta kashe ɓauna da yawa. Fari ya koro makiyaya kudu, tattalin arziki ya karye, farautar sata ta ƙaru. Dabbobin da aka san Yankari da su a da, irin su raƙumin dawa da kyarkeci da maraya, suka yi ta raguwa har aka daina ganinsu.

A wannan tsakani gwamnatin tarayya ta fara gina nata tsarin. A 1979 ta haɗa gandun Borgu da na Zugurma ta kafa gandun ƙasa na Tafkin Kainji, wanda shi ne na farko. A 1991 doka mai lamba 36 ta faɗaɗa tsarin, har gandayen suka kai shida: Kainji, Tafkin Chadi, Kuros Riba, Gashaka Gumti, Tsohuwar Oyo da Yankari. A 1999 aka ƙara Kamuku a Birnin Gwari da Okomu a jihar Edo. Zaman Yankari a hannun tarayya ya kawo masu gadi masu kaki da horo da albashi daga Abuja. A shekarar 2000 baƙi fiye da 20,000 suka ziyarci gandun.

Sai dai mutanen Bauchi ba su daina ganin Yankari a matsayin kayansu ba. Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu ya nemi a mayar wa jihar, kuma a 2006, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, aka miƙa shi. Jihar ta gyara masaukin Wikki ta ƙara ɗakuna. A shekarar ce kuma ƙasar Namibiya ta ba Bauchi kyautar namun daji, cikinsu har da raƙuman dawa da jakunan dawa, waɗanda aka ajiye a gandun Sumu da ke ƙaramar hukumar Ganjuwa.

Shekarun haure

Gyaran ɗakuna abu ne da ido ke gani, sintiri cikin daji kuwa ba mai gani sai wanda ya yi shi. Shekarun da suka biyo bayan miƙa gandun sun zo daidai da tashin farashin hauren giwa a kasuwannin Asiya, duk da cewa an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Mafarauta masu manyan bindigogi suka riƙa shiga Yankari. Giwayen da a farkon shekarun 2000 aka ƙiyasta sun haura 300 suka ragu zuwa tsakanin 100 da 150. Masu gadi da dama sun rasa rayukansu a arangama da mafarauta. Zakuna ma suka ragu ƙwarai, musamman saboda gubar da ake sa wa a mushen saniya don ramuwar gayya. Yau a duk Nijeriya, Yankari da Kainji ne kaɗai aka tabbatar da sauran zaki.

A 2014 gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS mai hedikwata a Amurka don ta kula da ɓangaren tsaron dajin. Abin da aka yi ba wani abin mamaki ba ne. Aka sake tantance masu gadi, aka horar da su, aka ba su guzuri da alawus a kan kari. Suka koma sintirin ƙafa suna kwana a daji, kowace tawaga da na'urar da ke nuna inda ta taka. Aka ɗaura wa wasu giwaye abin wuya mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, don a san inda garke ya nufa. Bayan watan Mayun 2015 aka shafe shekaru ba a sami gawar giwar da aka harbe don haure ba.

Maƙwabtan daji

Yankari ba shi da shinge. Idan dawa ta nuna, giwaye sukan fito su shiga gonaki, kuma dare ɗaya ya ishe su cinye noman shekara. Manomin da ya wayi gari ya tarar da gonarsa a tattake ba zai saurari wa'azin kare namun daji ba. Saboda haka aka ɗauki wasu mazauna ƙauyukan kewaye aikin lura da giwaye, aka ba su waya, da sun ga garke ya doso sai su sanar da manoma da ma'aikata a taru a kora shi. Ana kuma kai 'yan makarantun ƙauyukan cikin gandun, domin da yawansu an haife su a bakin dajin amma ba su taɓa ganin Wikki ba.

Matsalar kiwo ta fi wannan wuya. Burtali da wuraren kiwo sun zama gonaki, ƙudan tsando ya ragu, maganin sammore yana kowace kasuwa, saboda haka abin da ya tsare dajin a da ya kau. Da rani ciyawar da ta rage a yankin tana cikin gandun, makiyayi kuwa ba zai zuba ido dabbobinsa su mutu ba. Kame da tara kaɗai ba za su magance wannan ba sai an samar da wurin kiwo da mashaya a waje. Ga masu sarar itace don gawayi, ga kuma aikin haƙar mai na Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 a iyakar Bauchi da Gombe, wanda zai ƙara jawo jama'a yankin Alkaleri.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa goma, cikinsu har da Falgore a Kano da fadamar Haɗeja a Jigawa. Masu riƙe da su suna da abin koyi a Yankari: takardar doka ba ta korar maharbi, mai gadin da aka biya haƙƙinsa ne yake korarsa. Kira ga gwamnatin Bauchi shi ne ta sa albashi da kayan aikin masu gadi a gaba da fentin ɗakunan baƙi, ta kula da iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki, ta kuma ware wani kaso na kuɗin ƙofa ga ƙauyukan da giwa ke yi wa ɓarna. Mai karatu kuma da ke da hali, ya ɗebi iyalinsa ya kai su tsakanin Janairu da Afrilu, ya biya kuɗin shiga, ya bi dokar ma'aikata.