Siririya Ko Kakkaura? Tsohuwar Gardamar Makaɗan Jita A Kan Tsirkiya

Idan ka taɓa kallon Pulp Fiction, fim ɗin da Quentin Tarantino ya fitar a 1994, da wuya ka manta da kiɗan da ke ɓarkewa daidai lokacin da sunayen 'yan wasa suka fara bayyana. Jita ce ke rugugi kamar ana zazzaga tsakuwa a kan kwanon rufi. Sunan kiɗan "Misirlou", wato Bamisiriya, tsohon sauti ne na yankin Gabas ta Tsakiya da Girka, wanda Ba'amurken nan Dick Dale, da ubansa ke da asali da Lebanon, ya mayar da shi na jitar lantarki a 1962. Abin da yawancin masu kallo ba su sani ba shi ne, rabin wannan rugugin daga tsirkiya yake fitowa. Dale yana ɗaura wa jitarsa tsirkiyoyi masu kaurin da wasu makaɗan ko taɓa su ba sa son yi.

Mu da kunnenmu ya saba da kiɗan fiyano a finafinanmu, za mu iya cewa ai waya waya ce. To, su makaɗan jita sun fi shekara sittin suna gardama a kan wannan waya, kuma har yau ba a rabu ba.

Bari in fara gwada maka ma'aunin, don ka gane lissafin. Jita tana da tsirkiya shida, kuma ana kiran duk jerin da kaurin ta farko, wadda ta fi siranta. Idan makaɗi ya ce maka shi ɗan lamba 10 ne, yana nufin kaurin tsirkiyarsa ta farko kashi 10 ne cikin 1,000 na inci, kimanin rubu'in milimita ke nan. Lamba 9 ta fi ta laushi, lamba 13 kuwa sai mai ƙarfin yatsu. Dick Dale da lamba 16 yake farawa. Kada ka raina tazarar: jerin lamba 10 yana jan wuyan jita da nauyin kusan kilo 45, na lamba 9 kuma wajen kilo 38. Sannan dole wayar ta zama ta ƙarfen da maganaɗisu ke ja, domin wani ɗan maganaɗisu da ke ƙarƙashinta ne ke ɗaukar girgizarta ya aika wa amfilifaya. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta magana a jitar lantarki.

A shekarun 1950 babu wani zaɓi. Abin da kamfani ya ɗaura maka, lamba 12 ko 13, da shi za ka rayu, kuma tsirkiya ta uku naɗaɗɗiya ce, wato an nannaɗe ta da wata wayar, ta yi tauri. Ga makaɗan jaz wannan daidai ne, su da ma sauti mai kauri da natsuwa suke nema. Matsalar ta samarin rok ce, waɗanda ke son tura tsirkiya gefe da yatsa har muryarta ta hau, ta yi wannan kukan mai kama da na mutum. Da waya mai tauri, yatsanka zai tsage kafin jita ta yi kuka.

Dabarar da ta warware wannan daga banjo ta zo, wani abin kiɗa na Amurka mai siraran tsirkiyoyi. Sai makaɗi ya jefar da tsirkiya ta shida, ya matsar da sauran kowace zuwa gurbin ta gaba, gurbin farko da ya rage kuma ya sa ta banjo. Wanda ya fi shahara da aron tsirkiyar banjo shi ne James Burton na jihar Louisiana, wanda tun yana yaro ya kaɗa jita a "Susie Q" ta 1957, ya bi Ricky Nelson, daga 1969 kuma ya zama makaɗin Elvis Presley. Samarin Ingila sun sha wahala suna ƙoƙarin kwaikwayonsa daga faifai, suna zaton ƙarfin hannu ne, alhali sirrin na cikin wayar.

Wanda ya ga kasuwa a cikin wannan shi ne Ernie Ball, mai shagon jita a unguwar Tarzana ta Los Angeles (ga masu karatun littattafai: unguwar ta samo sunanta daga gonar Edgar Rice Burroughs, marubucin Tarzan). Ya lura yaran da yake koya wa kiɗa na kasa danne tsirkiya ta uku. Ya roƙi kamfanin Fender su yi jeri mai laushi, suka ƙi. Ya je wa Gibson, nan ma haka. Sai ya sa aka ƙera masa nasa, a 1962 ya fito da su da sunan Slinky, kuma har gobe suna cikin waɗanda aka fi saye a duniya. Siririyar waya tana da nata aibin, tsinkewa. Eric Clapton, lokacin yana ƙungiyar Yardbirds, ya kan tsinke tasa a tsakiyar wasa, ya tsaya sauyawa a kan dandali, jama'a na tafi a hankali don zolaya. Daga nan ya samo laƙabin Slowhand, mai sanyin hannu.

Labarin da ya fi taɓa ni a duk tarihin nan shi ne na Tony Iommi. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe ta aiki a wata masana'antar ƙarfe a Birmingham, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuma bahago ne, da wannan hannun yake danne tsirkiya. Ya fidda rai da kiɗa, sai shugabansa na wurin aiki ya kunna masa faifan Django Reinhardt, wanda gobara ta nakasa wa yatsu biyu amma ya zama gwani. Iommi ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsunsa hula, ya koma ga tsirkiyar banjo saboda ita kaɗai yake iya turawa ba tare da azaba ba. Da ƙungiyarsa ta Black Sabbath, wadda ta ari sunanta daga wani fim ɗin ban tsoro na 1963, ta zo yin faifan Master of Reality a 1971, ya ƙara sassauta ɗaurin tsirkiyoyin don su yi laushi, sai muryar jitar ta faɗa ƙasa, ta yi duhu da nauyi. Ka ji ikon Allah: kiɗan heavy metal, da ake ganin babu mai nauyinsa, a kan siraran wayoyi da guntayen yatsu aka gina wani babban ɓangarensa.

Billy Gibbons na ƙungiyar ZZ Top, masu dogon gemun nan da suka ɗan fito a Back to the Future kashi na 3, ya sha ba da labarin yadda yana saurayi B.B. King ya karɓi jitarsa ya taɓa, ya ji kaurin wayoyin, ya tambaye shi dalilin da ya sa yake wahalar da kansa haka. Gibbons ya sauko lamba 8, daga baya ma lamba 7, siririya kamar gashi.

Da a nan aka tsaya, da 'yan siririya sun ci gari. Sai ga Stevie Ray Vaughan na Texas da faifansa Texas Flood a 1983, yana dukan lamba 13 kamar mai jin haushinta, da wani sauti cikakke da ya ruɗa kowa. Ana ba da labarin cewa idan fatar yatsunsa ta yage, da gam yake liƙe ta ya koma dandali. Ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 1990, amma ya bar wa samari aƙidar cewa sauti na gaske sai da kauri. Abin da masu kwaikwayonsa ke mantawa shi ne, shi ma yana sassauta ɗaurinsa da rabin mataki, kuma mai kula da jitocinsa, René Martinez, ya kan lallashe shi ya rage kauri idan yatsun sun gaji.

Wa ke da gaskiya? 'Yan kauri suna da hujja: ƙarfe mai yawa a gaban maganaɗisu yana ba da sauti mai ƙarfi, kuma wayar ba ta kaucewa daga saiti idan an dake ta da zafi. Amma a ganina wannan hujjar ta fi nauyi a zamanin da amfilifaya ba ta da ƙarfi. Saurari faifan ZZ Top ka gaya mini ko za ka ce siririyar waya ce. Kowane ɗayansu abin da hannunsa ke iya ɗauka ya zaɓa, mabiya ne suka mayar da shi ɗarika.

Akwai wasu ƙananan rigingimun. Wes Montgomery na jaz mai sulɓin naɗi yake so, kuma da babban yatsa yake kaɗawa. Wasu na sauya tsirkiya kafin kowane wasa, wasu na ganin sai ta tsufa take daɗi, su kuma kamfanin Gore suka fito da Elixir a 1997, mai rufin roba don kada gumi ya cinye ta. Keith Richards na Rolling Stones kuwa cire ta shidan yake yi gaba ɗaya a waƙoƙi irin su "Brown Sugar", ya yi aikinsa da biyar.

Duk wannan gardama ce ta wanda ke da shagon da zai shiga ya zaɓa. A Sahara labarin daban ne. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen ya ga kaboyi na kaɗa jita a wani fim, ya haɗa tasa da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar shi ma da wayar keke ya yi tsirkiyoyinsa na farko. A Sakkwato ya naɗi faifansa Anar a 2008, da ɗanɗanon kiɗan Hausa na lokacin, a 2015 kuma ya ja fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadez bisa tsarin Purple Rain na Prince. Daga baya ya zagaya Turai da Amurka da Fender Stratocaster ta bahagwai, yana kaɗa ta da yatsunsa tsirara, ba tare da ɗan guntun robar nan da sauran ke riƙewa ba.