Masarautar da Ba Ta Gina Rumbu Ba: Ayaba a Tarihin Buganda

Wanda ya tashi a ƙasar hatsi yakan auna arzikin gari da yawan rumbunansa. Amma a arewa maso yammacin Tafkin Biktoriya, cikin ƙasar Yuganda ta yau, an yi wata masarauta mai ƙarfi, Buganda, wadda ta shekara ɗaruruwa tana ciyar da jama'arta ba tare da dogaro da rumbu ba. Abincinta yana tsaye ne a gona, kore shar, rani da damina. Wannan abinci shi ne matoke, ayabar da ake sarewa ɗanya a dafa.

Ayaba baƙuwa ce a Afirka. Asalinta kudu maso gabashin Asiya ne da tsibirin Niyu Gini, inda masu tonon tarihi suka gano alamun nomanta a fadamar Kuk tun kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Daga can ta ƙetaro Tekun Indiya, a hankali ta kai yankin manyan tafkuna, inda damina ke sauka sau biyu a shekara. A nan manoma suka yi ta zaɓe da reno har suka samar da ire-irenta masu yawa, kamar Nakitembe da Mbwazirume.

Ayabar ci ba ta da ƙwayar da za a shuka. Tsiron da ya fito a gindin uwa ake cirewa a dasa. Bayan shekara guda zuwa shekara da rabi sai ta yi nono guda ɗaya tak, a sare nonon, a sare uwar, 'yarta ta gaje ta. Ganyaye da kututturen da aka sare a nan ake shimfiɗa su, su riƙe laima, su ruɓe su zama taki. Ta haka lambu ɗaya, wanda Baganda ke kira lusuku, yakan yi shekaru da dama yana ciyar da gida.

Mata ne ke kula da lusuku, su ne kuma ke girki. Sukan feƙe ɗanyar ayabar da wuƙa, su naɗe ta cikin ganyenta, su jera gutsattsarin karanta a gindin tukunya don kada ruwa ya taɓa ƙunshin, sannan su turara. In ta nuna, a matse ta tana cikin ganye har ta haɗe kamar tuwo, a mayar kan wuta, a ci da miyar gyaɗa ko ta nama.

Wannan tsari ya yi tasiri a kan mulki. Da yake gona ba ta bukatar sharewa da shuka duk shekara, jama'a suka zauna wuri ɗaya, maza kuma suka samu sararin yi wa Kabaka, wato sarki, hidima: yaƙi, sassaƙar jiragen ruwa, gyaran hanyoyi da gina fada. Lokacin da Bature John Speke ya isa fadar Kabaka Mutesa na Ɗaya a 1862, ya tarar da faffaɗan hanyoyi da gidaje lulluɓe cikin lambunan ayaba. Gumin matan da tarihi bai riƙe sunayensu ba ne ya ɗauki nauyin wannan ƙasaita.

Sai dai inda ƙarfin yake, nan raunin yake. Tunda kowace ayaba kwafin uwarta ce, cutar da ta kama ɗaya ba ta samun mai tare ta a cikin sauran. Daga shekarun 1970, gajiyar ƙasa da ƙwari suka rage amfani a tsakiyar Yuganda, noman ya karkata zuwa Ankole a kudu maso yamma. A 2001 kuma wata cutar bakteriya mai sa ganye yaushi da ruɓar da 'ya'ya ta ɓulla a gundumar Mukono, ta bazu ta bakin adda da ƙafafun ƙwarin da ke sauka kan fure. Manoma sun rage kaifinta da cire furen da sanda mai baki biyu, da gasa adda a wuta, da sare duk wadda ta kamu.

Mai rumbu yana da abin da zai ci in shekara ta ɓaci. Mai lusuku kuwa ajiyarsa tana raye, tana iya ciwo, tana iya mutuwa. Shi ya sa har gobe, kafin ya matsa daga wannan gindi zuwa wancan, manomi mai hankali yakan tsaya ya kara addarsa a wuta.