Kara da siminti: tarihin ɗori a ƙasarmu

A unguwarmu akwai wani yaro, ba sai na kama sunanshi ba, da ya faɗo daga bisa iccen mangwaro yana ɗan shekara takwas, ya karye a gwiwar hannu. Aka kai shi wajen maɗori, aka ja hannun, aka jera kara, aka ɗaure tamau. Daren nan bai yi barci ba don kuka, manya suna ta ce mishi ya yi haƙuri, ɗori ya gaji haka. Yau saurayi ne. Hannun yana nan, amma yatsun sun lanƙwashe sun ƙage, ba ya iya riƙe bik balle kalme. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, wannan maɗorin dai shi ya ɗora ƙwaurin kawuna da jaki ya kayar, ga shi nan har yau yana zuwa kasuwar Badagishiri da ƙafarshi. Hannu guda ya yi aikin nan biyu. To mi ya bambanta su?

Ɗori tsohuwar sana'a ce, kuma ba mu kaɗai muka san ta ba. A Masar an samu wata takardar magani da aka kwafe wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda a yau ake kira da sunan Edwin Smith, Ba'amurken da ya saye ta. Raunuka 48 aka lissafa a ciki, har da karaya da gocewar gaɓa, kuma marubucin yana raba su uku: wanda zai yi magani, wanda zai gwada, da wanda ba zai taɓa ba. A Andalus kuma, Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya keɓe kashi guda na littafinshi At-Tasrif ga karaya da targaɗe, ya yi bayanin ja da daidaitawa da ɗauri, ya kuma yi gargaɗi a kan kumburi.

A ƙasar Hausa ilimin ya bi wata hanya daban. Malaman Sakkwato, wadda Ƙonni ke ƙarƙashin tutarta a ƙarni na 19, sun yi rubutu a kan magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta a kan ciwon ido da basir. Amma ɗori a hannu ya zauna, ba a takarda ba. Gado ne kamar ƙira da wanzanci: yaro yana riƙe ma ubanshi ƙafar majinyaci shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa. Kayan aikin a bayan ɗaki suke, kara ko tsagin gora, tsumma, igiya, man shanu, sai tofi da addu'a. Garuruwa da yawa har sarautar Sarkin Ɗori gare su. Ƙasar dawaki da yaƙi da kokawa da ginin rijiya ba ta rasa karyayyu, kuma da a ce maɗora ba sa warkarwa, da sana'ar ta mutu tuntuni.

A nan sai mun ɗan leƙa cikin jiki. Baligi yana da ƙasusuwa 206. Jariri ya fi haka, don wasu suna haɗewa ne yayin girma. Ƙashi rayayyen abu ne, da jini da ɓargo a cikinshi. In ya karye, jini ya kan taru ya daskare a wurin, cikin makonni wani abu mai laushi kamar guringuntsi ya haɗa bakunan biyu, sannan ya taurare ya zama ƙashi, jiki ya yi ta sassaƙa shi wata da watanni har ya koma kusan yadda yake. Hannun yaro kan kama cikin mako uku zuwa shida, ƙwaurin babba kan ci wata uku ko huɗu. Ashe ba maɗori ke haɗa ƙashi ba, ba kuma likita ba. Aikinsu duka biyun su daidaita shi, su hana shi motsi, jiki ya yi sauran da ikon Allah. Shi ya sa kawuna ya warke: karayarshi mai sauƙi ce, fata ba ta ɓalle ba, ƙashin bai goce da yawa ba.

Matsalar tana wajen tsoka. Tsokokin hannu da na ƙafa suna cikin wani tantani mai tauri wanda ba ya buɗewa, jijiyoyin jini da na ji suna ratsawa ta ciki. Bayan karaya tsoka tana kumbura. In an ɗaure ta waje tamau, kumburin ba ya da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin, jini ya daina shiga. Tsokar da ta yi kamar awa shida ba jini ta fara mutuwa, in ta mutu kuma sai ta ƙanƙance ta ja yatsu. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana wanga abu a 1881, kuma abin da ya zarga shi ne ɗauri mai tsanani. Ke nan likitocin Turai ma sun yi wagga ɓarna kafin su gane. Gwiwar hannun yaro ta fi ko'ina haɗari, don babbar jijiyar jini tana wucewa daf da inda ƙashin ya saba karyewa. Haka nan karayar cinya: tsokokinta suna da ƙarfi ƙwarai, suna jan guntayen ƙashin su hau juna, mutum ya warke da ƙafa guda gajera.

Abubuwa biyu suka sauya aikin ƙashi a duniya. A 1852 likitan sojan Holan, Antonius Mathijsen, ya bayyana bandejin da ake jiƙawa ya taurare ya bi siffar gaɓa, wanda mutanenmu ke ce ma siminti, ko da yake ba irin na Malbaza ba ne. A 1895 kuma Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa nama ya nuna ƙashi, hoton da mu nan muke ce ma rediyo. Daga ranar nan likita ya samu idon da yatsun maɗori ba su da shi.

Amma ta yaya wannan ilimi ya iso mu? Shekara huɗu bayan rediyo, a watan Mayun 1899, ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni ya karkashe mutane. Akwai likita a cikin ayarin, sai dai ba don kakanninmu ya zo ba. Wanda ya fara ganin Bature a haka, ba za a yi mamaki ba in ya ƙi miƙa mishi ƙafar ɗanshi. Sai a 1950 mishan ɗin SIM suka buɗe asibitin Galmi, a 1959 aka kafa asibitin ƙashi na Dala a Kano, a 2010 aka buɗe asibitin CURE na yara a Yamai. A tsakanin nan wata magana ta kafu a bakin jama'a: asibiti yanke ƙafa suke. Gaskiyar ita ce, sau da yawa sai gaɓa ta yi baƙi ta fara wari ake kai ta can, lokacin da ba sauran dabara sai wuƙa. Kowane yankewa kuma yana ƙara ma na gaba tsoro, shi ma ya makara.

Karayar ma ta sauya. Da jaki ne da doki da icce. Yanzu moto ce da kabu-kabu da manyan motoci a kan hanyar Ƙonni zuwa Malbaza da Galmi, da wadda ta rabu a Tsarnawa ta nufi Tawa. Gudun moto yana farfasa ƙashi, ya fito da shi waje cikin ƙasa da ƙura. Irin wannan rauni wanki yake so cikin gaggawa, da allurar sarƙe-haƙora, wani sa'in da ƙarfe. Kara da man shanu ba don shi aka gaje su ba.

Ƴan uwa, ban rubuta wannan don a zagi maɗora ba. Suna kusa, kuɗinsu kaɗan ne, suna magana da mu da harshenmu, kuma za a ci gaba da zuwa wajensu ko mun so ko mun ƙi. Abin da ke hannunmu mu ƴan lakwal shi ne mu san alamu, mu kuma buɗe baki a gida ko da za a ce mun cika iyayi. Ciwon da ke ƙaruwa bayan ɗauri maimakon ya lafa, yatsun da suka yi sanyi ko suka sauya launi ko suka daina ji, yaron da ke ihu in an miƙe mishi yatsa: a sassauta ɗaurin nan take, a tafi asibiti a daren, kada a jira safiya. Ƙashin da ya fito waje, karayar cinya ko ƙugu ko baya, da gwiwar hannun yaro, waɗannan tun farko na rediyo ne. Marubucin nan na Masar ya san akwai raunin da ba nashi ba. Maɗoran kirki ma sun sani, wasunsu da kansu suke cewa a wuce Galmi. A daren da yaron unguwarmu ke kuka, gidan cike yake da mutane masu ƙaunarshi, ba a dai samu ko guda da ya san abin da kukan ke nufi ba.