Victor Hugo: Alƙalami, Gudun Hijira da Martabar Marubuci

An haifi Victor Hugo a garin Besançon da ke gabashin Faransa a ranar 26 ga Fabrairu, 1802, a gidan da siyasa ta raba kan iyaye, domin mahaifinsa janar ne a rundunar Napoleon, mahaifiyarsa kuwa mai goyon bayan tsohuwar sarauta ce. Hugo ya fara bin ra'ayin mahaifiyar tasa, har kundin waƙoƙinsa na farko, wanda ya fito a 1822, ya sa Sarki Louis na 18 ya yanka masa alawus, amma da shekaru suka ja sai ya karkata ga jamhuriya, wato tsarin mulkin da jama'a ke zaɓen shugabanninsu.

Sunansa ya fara yin tambari ne a matsayin jagoran mazhabar Romantisme, wato tafarkin adabin da ke fifita shauƙi da 'yancin marubuci a kan tsauraran ƙa'idojin magabata, kuma wasan kwaikwayonsa mai suna Hernani ya haddasa hayaniya a 1830 tsakanin matasa masu son sabon salo da dattawa masu kare tsohon. A shekarar da ta biyo baya ya fitar da ƙagaggen labarinsa Notre-Dame de Paris, wanda ya jawo hankalin Faransawa ga babbar majami'ar Paris da ta lalace, har hukuma ta ɗauki nauyin gyara ta. An shigar da shi Académie française, majalisar da ke kula da harshen Faransanci, a 1841, sai dai bayan shekara 2 'yarsa Léopoldine ta nutse a Kogin Seine, kuma wannan rashi ne jigon mafi ratsa jiki daga waƙoƙin kundin Les Contemplations na 1856.

Abin da ya ɗaga martabarsa sama da ta sauran marubutan zamaninsa shi ne matsayin da ya ɗauka a ranar 2 ga Disamba, 1851, lokacin da shugaban ƙasa Louis-Napoléon Bonaparte ya rusa majalisa ya riƙe mulki da ƙarfin soja. Hugo ya yi kira ga jama'a su bijire, da abin ya faskara sai ya tsere zuwa Beljiyam, daga nan ya zauna a tsibirin Jersey, sannan Guernsey, inda ya ci gaba da caccakar Louis-Napoléon, wanda ya zama sarki daga baya, kuma ya ƙi karɓar afuwar da aka yi wa 'yan gudun hijira a 1859. A gudun hijirar ne ya kammala Les Misérables, wanda ya fito a 1862, labarin Jean Valjean da aka ɗaure saboda satar burodi, inda marubucin ya tuhumi dokar da ke hukunta mayunwaci ba tare da ta tambayi abin da ya jefa shi cikin yunwa ba. Bai taka ƙasar Faransa ba sai a Satumbar 1870, bayan faɗuwar daular Louis-Napoléon.

Ya rasu a ranar 22 ga Mayu, 1885, aka ajiye gawarsa a ƙarƙashin Arc de Triomphe, babbar ƙofar tarihi da ke Paris, sannan aka ɗauke ta a keken jana'izar talakawa kamar yadda ya yi wasiyya, zuwa Panthéon, makwancin manyan mutanen Faransa, kuma an ƙiyasta mahalarta da kimanin miliyan 2.

Duk da haka, adalci ya wajabta a ambaci cewa mutumin da ya yaƙi bauta da hukuncin kisa shi ne kuma ya yi jawabi a 1879 yana kwaɗaita wa Turawa mamaye Afirka, abin da ƙasashe irin su Nijar da Chadi suka ɗanɗani ɗacinsa daga baya. Wannan bai shafe abin da ya yi wa talaka da alƙalaminsa ba, amma ya nuna iyakar hangensa, kuma mai karatun Afirka yana da haƙƙin ya auna Hugo da ma'aunin da shi kansa ya auna azzaluman ƙasarsa.