Tebur da Mayafinsa: Yadda Fikihun Yahudawa Ya Shiga Gida

A shekarar 1492 ne aka kori Yahudawa daga Sifaniya, suka watsu a ƙasashen Turkawa da arewacin Afirka. Jama'o'i masu al'adu dabam-dabam suka haɗu a gari guda, saɓani ya yawaita game da ibada da yanka da aure. Hukunce-hukuncen Attaura kuwa suna warwatse cikin Talmud, wanda sai manyan malamai ke iya tsamo fatawa daga gare shi.

Wannan matsala ce Yusuf Karo, malamin Safad, ya fuskanta. Ya tattara hukunce-hukuncen cikin Shulhan Aruk, wato “shiryayyen tebur”, wanda aka buga a Benis a 1565. Ya kasa shi kashi huɗu: ibadar yau da kullum har da Asabar, halal da haram na abinci, aure da saki, sai kuma mu'amala. Madogararsa magabata uku ne, Alfasi da Musa ɗan Maimun da Ashir ɗan Yehiyel. Inda suka saɓa yakan bi mafi rinjaye.

Amma Musa Isarles na Folan ya ga an bar al'adun Yahudawan tsakiyar Turai da gabashinta a baya. Sai ya yi masa ta'aliƙi, ya kira shi Mappa, ma'ana “mayafin tebur”. Misali, Karo ya halatta shinkafa da wake a Idin Ƙetarewa, Isarles kuwa ya ce al'adarsu ta hana. Buga su tare a shafi ɗaya shi ya sa ɓangarorin biyu suka karɓi littafin, kowane gida yana samun hukuncin kakanninsa a ciki.