Rumbun Tsimi da Yunwar Damina a Kudancin Nijar: Tsakanin Jari da Sadaka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rumbunan tsimi, waɗanda ake kuma kira bankunan cimaka, a ƙauyukan kudancin Jamhuriyar Nijar. Ta bi asalinsu da tsarin aikinsu, ta kuma kafa hujja cewa haɗin kan mutanen gari, wanda a kansa rumbun ya dogara, yana iya tare yunwar da ke zuwa kowace damina, amma ƙarfinsa bai kai na shekarar fari ba.

Gabatarwa

Bankin abinci irin wanda aka sani a ƙasashen Turawa ya faro ne a birnin Phoenix na Amurka a 1967, lokacin da John van Hengel ya kafa St. Mary's domin tattara abincin da kantuna za su zubar a raba wa mabuƙata. Can matsalar ta rabo ce: abinci ya yi yawa a hannun wasu, wasu kuma ba su da na sawa a baka. A karkarar Maraɗi da Damagaram matsalar ta lokaci ce. Manomi yana sayar da gero da kaka, sa'ad da tiya ta fi arha, don biyan bashi da hidimar aure da sutura. Daga watan Yuni zuwa Satumba, rumbunsa ya zama fanko, sai ya koma kasuwa ya sayi geron nan da tsada. Wanda ba shi da kuɗi yakan bar gonarsa ya tafi barema a gonar wani, noman nasa ya makara, kaka mai zuwa ta zo masa da ƙaranci. Wannan zagayen ne aka ƙirƙiro rumbun tsimi don a yanke shi.

Asali

Tara hatsi a wuri guda bisa umarnin hukuma ba sabon abu ba ne a Nijar. Bayan yunwar 1931, Turawan mulkin mallaka na Faransa sun tilasta wa talakawa zuba gero a rumbunan ajiya, abin da mutane suka ɗauka wani nau'in haraji ne. Bayan 'yancin kai aka kafa hukumar OPVN a 1970 don riƙe hatsin ƙasa. Rumbun tsimi na ƙauye kuwa ya samo asali ne daga farin 1973 zuwa 1974. Ƙungiyoyin agaji suka yaɗa shi a yankin Sahel, ya ƙara bazuwa bayan yunwar 1984 zuwa 1985, wadda Hausawan Nijar ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya a mulkin Buhari.

Yadda yake aiki

Galibi wata ƙungiya ce ke gina ɗakin ajiya ta zuba buhunan farko, mutanen gari su kawo bulo da ƙarfin jiki, wani lokaci kowane gida ya ba da 'yan tiyoyi. A zaɓi kwamiti: shugaba, ma'aji, magatakarda, da mai riƙe makulli. Da kaka a sayi hatsi, da damina a buɗe ƙofa. Ko dai a sayar ƙasa da farashin kasuwa, ko a ba da rance a biya da hatsi idan an yi girbi.

A nan ne wuyar take. Idan kwamiti ya sayar da arha sosai, kuɗin da ya tara ba zai maido da adadin buhunan bara ba, jari ya riƙa zaizayewa. Idan ya bi farashin kasuwa, mutane su ce me ya raba shi da ɗan kasuwa. Rancen ma yana da tasa ƙaya, domin karɓar gero da ƙari a madadin gero riba ce a fiƙihu, kuma manomi Musulmi ba ya ɗaukar wannan da wasa. Sannan ga kunya. Ma'aji ɗan gari ne. Wanda ya ci bashin kuwa, kawunsa ne ko surukinsa, ko kuma mai gari da kansa. Zumuncin da ya tara hatsin shi ne kuma ke hana a je a karɓo shi.

Binciken da Elliot Berg da Lawrence Kent suka fitar a 1991 a kan rumbunan Sahel ya nuna cewa da yawansu kan durƙushe bayan masu tallafi sun janye. Sun kuma ja hankali ga wani zato da aka gina rumbunan a kansa, wato cewa 'yan kasuwar hatsi suna cin ƙazamar riba. Ashe idan aka cire kuɗin dako da asarar ƙwari da shekarun da farashi bai tashi ba, ribar ba ta kai yadda ake zato. Kwamitin ƙauye, wanda ba sana'arsa ba ce, yana shiga gasa ne da falke wanda ya san farashin Jibiya da na Dawanau kafin rana ta take. A ganin wannan maƙala, sukar tasu tana da gaskiya ta fuskar lissafi, amma ta auna rumbun da mudun ciniki kaɗai. Magidancin da ya samu tiya goma a cikin garinsu a watan Agusta, bai yi tafiyar yini zuwa kasuwa ba, bai kuma bar shema ba, ya samu amfanin da ba ya fitowa a littafin ma'aji.

Rumbu a hannun mata

Yunwar 2005, wadda ta biyo bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, ta fi ƙamari a jihar Maraɗi, inda kasuwanni ke cike da hatsi amma talaka ya kasa saye. Bayanta aka ƙara karkata ga bai wa mata riƙon rumbu. Shirin PPILDA, wanda asusun IFAD ya tallafa a Agye, ya kafa rumbunan damina na mata, ƙungiyar CARE kuma ta ɗora nata a kan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ta fara a Maraɗi a 1991. Dalilin a fili yake. Matan da suka saba zubi kowane mako a gaban juna sun riga sun koyi bin bashi ba tare da ɓata zumunci ba. Kuma su ne ke gida idan maza sun tafi cin rani, su ne ke sanin ranar da tukunya ba ta hau wuta ba.

Shekarar fari

Duk da haka akwai iyakar da riƙon amana ba ya ƙetarewa. Taimakon juna yana aiki ne idan masifa ta zaɓi gidaje: wannan ya yi jinya, wancan gonarsa ta ƙi. Fari kuwa ba ya zaɓe. A shekarar da gari duka bai girbe ba, babu mai biyan rance, gero kuma yana da tsada tun da kaka, don haka rumbun ya kasa cika daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Kwamitin da ya raba hatsin kyauta a irin wannan shekara bai yi laifi ba, amma ya cinye jari. Zakkar hatsi, wadda za ta iya cike gurbin, ita ma daga girbi take fitowa.

Saboda haka rumbun ƙauye yana buƙatar wani rumbu a samansa, wanda yake tara hatsi daga yankunan da damina ba ta cika ɓaci lokaci guda ba. Ƙungiyoyin Naam na arewacin Burkina Faso sun gwada makamancin wannan, inda tarayyarsu ta riƙa bai wa rumbunan ƙauyuka rancen sayen hatsi kowace shekara. A Nijar OPVN na sayar da hatsi da rangwame idan abinci ya yi wuya, sai dai buhunanta sukan iso gari su karya farashi a daidai lokacin da rumbun tsimi ke ƙoƙarin sayar da nasa. Da a ce wani kaso na hatsin nan yana bi ta hannun kwamitocin ƙauye a matsayin sabon jari, da rumbunan da fari ya kwashe sun sake buɗewa da kaka ta gaba.