Daga Zakarun Jamus Zuwa Kasuwar Sabon Birni: Tarihin Wani Magani da Kunya Ta Lulluɓe

A shekarar da na kammala digirina, kawuna ya zaɓe ni in raka shi asibiti a Sakkwato. Ɗan kasuwar albasa ne a Sabon Birni, ya haura hamsin, kuma ya shekara bakwai yana fama da ciwon sukari. Sai da muka wuce Goronyo ya sunkuyo ya ce da ni, "Ɗana, abin da duk kaj ji ga bakin likita, shi tsaya nan." Abin da na ji kuwa shi ne kawuna ya daɗe da rasa kuzarinsa na namiji, ya kuma shafe shekara biyu yana sayen haɗe-haɗen ƙarfin maza a kasuwa, mafi yawansu an kwaɓa da zuma. Yana neman gyara gida, sukarin jininsa yana ta hawa. Wannan tafiya ce ta sa na shiga bin diddigin maganin da likitan ya ambata, wato testosteron, sinadarin da maraina ke samarwa.

Asalin wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kowane makiyayi a bakin gulbin Rima ya san cewa bunsurun da aka dandaƙe yakan zama taure, ya daina faɗa da wari, ya tara kitse. Fadojin sarakuna ma sun san haka game da mutane, domin tarihin Kano ya nuna Sarki Muhammadu Rumfa ya ba babanni muƙaman sarauta tun a ƙarni na 15. Haka kuma malamanmu ba su ɗauki cutar da ke ɓoye cikin riga abin jin nauyi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya jagoranci cin Alƙalawa a 1808, ya wallafa littafi sukutum a kan basir da magungunansa. Har yau kuwa mai tallar magani a kasuwanninmu yakan haɗa basir da raunin namiji a numfashi ɗaya. Kakanninmu sun ga sakamakon da idonsu. Abin da ya rage shi ne gano dalilinsa da kuma auna shi.

Matakin farko ya zo ne a 1849 a garin Göttingen na Jamus, inda Arnold Berthold ya cire marainan wasu 'yan zakaru, sai suka daina cara, zankayensu suka ƙanƙance. Waɗanda ya dasa wa maraina a cikin ciki kuwa suka girma cikakkun zakaru. Daga nan ya fahimci cewa akwai wani abu da maraina ke zubawa cikin jini. Bayan shekara arba'in, a 1889, wani mashahurin likita mai shekara 72, Charles Brown-Séquard, ya tsaya gaban masana a Paris ya ce ya yi wa kansa allurar ruwan marainan karnuka da na wasu ƙananan dabbobi, kuma ƙuruciya ta dawo masa. Nan da nan labari ya bazu, dubban maza a Turai da Amurka suka yi ta sayen irin wannan ruwa. Bincike daga baya ya tabbatar da cewa sinadarin da ke cikinsa bai kai ya yi wani tasiri ba. Imaninsa ne ya yi masa aiki. Duk lokacin da na ji lasifikar mai magani tana amo a tasha, wannan dattijo nake tunawa.

Sai a 1935 ne Ernst Laqueur da abokan aikinsa a Amsterdam suka tace sinadarin daga marainan bijimai, suka raɗa masa suna. A shekarar ce kuma Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka haɗa shi a ɗakin gwaji, aka ba su kyautar Nobel a 1939. Shi ma ciwon sukari yana da nasa tarihin a kusa da wannan: an gano insulin a Toronto a 1921, aka fara ba ɗan Adam a 1922. Hanyoyin biyu sun daɗe suna tafiya kowace da gefenta, kafin wani bincike da aka yi a Buffalo ta Amurka a 2004 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na maza masu nau'i na biyu na ciwon sukari suna da ƙarancin testosteron. Dalilin kamar zobe yake: kitsen ciki yana rage sinadarin, raguwarsa kuma tana ƙara kitse, ta sa jiki ya ƙi jin insulin.

Shin ke nan a rarraba wa masu sukari allura? Tarihi bai yarda ba. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ja kunnen likitoci a kan ba maza sinadarin don tsufa kawai. A 2021 wani gwaji a Ostireliya kan maza fiye da dubu ya nuna cewa allurar, idan aka haɗa ta da rage ƙiba, tana rage yawan masu sukari bayan shekara biyu: kashi 12 cikin ɗari, maimakon 21 ga waɗanda ba su samu ba. Amma da yawa jininsu ya yi kauri. A 2023 wani babban gwaji kan maza sama da dubu biyar ya nuna bai ƙara bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, sai dai an ga ƙarin rikicewar harbin zuciya da gudan jini a huhu. Akwai kuma abin da ya fi taɓa Bahaushe: shan sinadarin daga waje yana rage ƙwayoyin haihuwa, har ya iya tsayar da su. Mai neman ɗa da amarya yana iya sayen abin da zai hana shi.

Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a ɗibi jini da sassafe, sau biyu a ranaku mabambanta, kafin a rubuta komai. Da aka yi wa kawuna haka, aka tarar sinadarinsa bai gaza ba. Sukari ne ya lalata masa jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini. Maganinsa yana cikin rage tuwo da fura mai sukari, da tafiyar ƙafa, da shan ƙwayoyinsa a kan kari. Da ya sami allurar a kanti ya yi wa kansa, da ya maimaita kuskuren 1889, amma da magani mai cizo.

A nan ne tarihin ya dawo gida da zafi. Kimiyya ta shafe ƙarni ɗaya da rabi kafin ta koyi cewa awo shi ne gaba da magani. Mutumin Sabon Birni ko na Isa kuwa yana da magani a ƙofar gidansa, awon ne ke can Sakkwato, a ƙarshen hanyar da 'yan bindiga suka mayar abin tsoro. Ba mu manta da matafiyan da aka ƙona cikin mota a yankinmu a watan Disamba na 2021 ba. Wa zai saka ransa a wannan hanya saboda ciwon da ba ya iya faɗa wa ko da matarsa? Ga kunya a gida, ga tsoro a hanya, sai mai lasifika ya ci kasuwarsa.

Mu Gobirawa mun taso muna jin labarin jarumtar Bawa Jan Gwarzo, har muka ɗauka namiji ba ya cewa wayyo. Amma Hausawa sun ce mai ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi. Abin da nake fata ga matasan da suka yi karatu irina shi ne mu zama 'yan rakiyar iyayenmu, mu kuma matsa wa hukumomi su kawo na'urorin awon jini manyan asibitocin gabashin Sakkwato. Kawuna ya ba ni izinin rubuta wannan bisa sharaɗin in sakaya sunansa. Yanzu kowace asuba, bayan salla, yakan taka har bakin gulbi ya dawo, kuma kwalaben zumar nan ya daɗe da zubar da su.